Ƙunshi na Uku

Preben ne ke raba kati yana lasar yatsa, Bodil tana yi masa faɗa a kan ƙazanta, kamar kowace Lahadi. Bakwai ga Disamba ce, ƙarfe uku na yamma, duhu ya riga ya fara sauka a Lemvig. Mu huɗu ne a kicin ɗin maƙwabcina Ejvind Kragh: ni da shi, da tsohon abokinsa Preben, da Bodil, ɗaya maƙwabciyar tasa. Kyandir biyar a kan tebur, butar kofi, da kek ɗin kirfa da Bodil ta gasa. Takalmanmu suna bakin ƙofa, kowa ya sa safar ulu daga kwandon da Ejvind ya ajiye don baƙi. A taga akwai dogon kyandir mai lambobi, daga ɗaya zuwa ashirin da huɗu, wanda ake ƙona lamba ɗaya kullum har Kirsimeti.

Na san Ejvind ba zai ga sabuwar shekara ba.

Ni na kai shi asibiti ranar Laraba, don ni ce mai mota kuma ba ni da aiki. Shekara tara na yi a New Zealand ina karatun ruwan ƙarƙashin ƙasa. Na dawo bara bayan rasuwar mahaifiyata Gudrun, na zauna a gidanta, shinge ɗaya tsakaninmu da shi. Likita ta ce ciwon ya kai hanta, sati biyu ne ko uku. Ejvind ya yi mata godiya, ya sa hularsa. Shekararsa saba'in da tara, arba'in daga ciki ya yi su yana gyaran injin jirgin fito.

A mota ya ce, "'Yar Gudrun, maganar nan ta tsaya a motar nan."

Na ce Bodil fa? Ranar Litinin za ta tafi Tromsø wurin 'yarta, ba za ta dawo ba sai tsakiyar Janairu. Tun da mijinta ya mutu, shekara ashirin da wani abu, ita ke miƙo masa miya ta kan shinge, shi kuma ya share mata ƙanƙara a ƙofa. Ba wanda ya taɓa sa wa abin da ke tsakaninsu suna. Idan ta tafi ba ta sani ba, ba za ta sake ganinsa ba.

Ya ce an haifa mata jika ta fari, tun bazara take saƙa riguna. Idan ta ji, fasawa za ta yi, ta zauna tana tsaronsa kamar madara a kan wuta.

"Kuma Lahadi ta lalace," in ji shi.

Zaman Lahadi yana da doka ɗaya, shi ya kafa ta. Ciwo da siyasa da maganar gado ana cire su tare da takalma. Abin da yake kira hygge ke nan: awa biyu cikin ɗumi, ba wanda zai ɗora wa wani kaya. A gidan da na zauna a can waje, kowa yana zube damuwarsa a teburin cin abinci, har na saba. Na dawo na tarar da dokar ba ta motsa ba.

A wannan Lahadin na jira aka yi zagaye biyu na kati. Sannan na tambayi Bodil ko za ta iya ɗage tafiyar da sati ɗaya.

"Ga injiniya ta zo da lissafi," in ji Preben. "Malama, an ce ruwan ƙasa kika karanta, ba tikitin jirgi ba."

Bodil ta tambaye ni dalili, idonta a kan katinta. Ejvind ya turo farantin kek gabana a hankali.

Na ce, "Ejvind ba shi da..."

Preben ya ƙwanƙwasa tebur da yatsa biyu. "Takalma, Solvej. Abin da ke bakinki wurin takalma yake."

"Ke ce da wasa," in ji Bodil. "Jefa katinki, kofi na hucewa."

Na jefa. Ban san wanne na jefa ba, amma Preben ya ce ko makaho ba zai yi wannan kuskuren ba, aka yi dariya. Ejvind ya ci rabin yankan kek ya bar saura. Bodil ta ɗauke farantin. Ƙarfe biyar muka tashi. A bakin ƙofa ta ce ta gode da kofi, ya ce ya gode da kek, kamar kullum. Ta gyara masa wuyan rigarsa ta saƙa, ta ce ya daina fita ba mayafi kamar ɗan shekara ashirin.

Da muka fito ta ce mini ta ajiye kek a firizarsa na Lahadin da ba ta nan. In riƙa fito da shi tun safe ya narke da kansa, kada in kuskura in sa a wuta. Na ce to. Na tsaya har ta shiga gidanta ta kunna fitila. Washegari motar haya ta ɗauke ta da akwati biyu.

Lahadi mai zuwa na buɗe firiza na ɗauki ƙunshin da ke sama, an rubuta kwanan watan ranar, 14, a jikinsa. Ejvind bai iya zama a kujera ba, muka jawo ƙaramin tebur gaban doguwar kujerar falo. Zagaye ɗaya ya yi. Preben ya dube shi, ya dubi kwalaben magani a kan kanta, ya ce tsohon nan lalaci ne ke damunsa, so yake a riƙa kawo masa kofi har gado. Ejvind ya ce shekara ashirin da shida yana zuba wa Preben kofi, lokaci ya yi da za a rama. Ba wanda ya taɓa kek ɗin sai Preben, ya ci yanka uku, ina jin don kada a bar shi haka.

Daga ranar Litinin ma'aikaciyar jinya ta fara zuwa sau biyu a rana. Kowace safiya ina kunna masa kyandir mai lambobi, in karanta masa hasashen iska na masu jirgi, in kashe idan lambar ranar ta narke. Sau biyu na ɗauki waya don in kira Tromsø. Sau biyu na ajiye.

Ya rasu ranar Alhamis, goma saura na safe, ina tsakiyar karanta iskar yamma. Ma'aikaciyar jinya ta duba agogo, ta rufe masa ido, ta je ta buɗe taga kamar yadda ake yi a nan idan an yi rasuwa. Ban ji komai ba. Na dai lura ƙafafuna sun yi sanyi.

Preben ya zo ya sauke tutar ƙofar gida zuwa rabin sanda. Kafin tsakar rana duk layin sun sauke nasu. Ya tsaya yana naɗe igiya ya ce, "Ya ga ina gaba a wasa, shi ya sa ya gudu." Ya tafi gida.

Na kira Bodil daga kicin. Ina jin kukan jaririya a bayanta. Na gaya mata. Ta tambaya ko an buɗe taga, na ce an buɗe.

Na ce, "Tun uku ga wata na sani. Ban gaya miki ba."



"Can ƙasan firiza, ƙarƙashin kifi," in ji ta. "Ki fito da shi kwana ɗaya kafin jana'izarsa a coci. Zan iso Litinin."

Na buɗe firiza. Lahadi biyar za ta yi ba ta nan, amma ƙunshin da ya rage a sama ɗaya ne, an rubuta 21. Na ɗaga ledojin kifi. A ƙasa akwai babban ƙunshin kek, sai da na sa hannu biyu na ciro shi. Babu kwanan wata a jikinsa. Da rubutunta mai karkata ta sa: Na bayan coci. Mutum arba'in.

Na mayar da shi wurinsa, na ɗora kifin a kai. Na 21 na riƙe a hannu, ban san inda zan sa shi ba. Na ajiye shi a kan tebur kusa da katin. Iska tana shigowa ta falo, labule yana motsi. Kyandir ɗin taga ya tsaya a tsakiyar sha takwas.