Igiyar da Ta Fito Daga Bututun Gidanmu

Sau uku a damina ɗaya ƙazantar gidanmu tana dawowa ta ɓullo a ɗakin girkina, kuma a na ukun ne haƙurina ya ƙare. Gidan haya ne mai ɗakuna tara, manne a jikin tudun Cordillera, kowane ɗaki a kan kafaɗar ɗan'uwansa. Ni ce a can ƙasa, don haka duk abin da na sama suka kora ta bakin ƙofata yake bi kafin ya gangara titi. Ranar Talata da safe, hannuna dumu-dumu cikin kwaɓin burodin da nake sayarwa, na ji ramin wanke-wanke ya yi gyatsa. Kafin in ce me, baƙin ruwa ya kai mini idon sawu.

Ko yaron goye a unguwarmu ya san doka: takardar banɗaki a kwando ake jefa ta, ba a masai ba. Bututunmu na yumɓu ne tun na kakanni, faɗinsa bai fi tafin hannu ba. Kowa ya ƙulle ledarsa ya kai babbar durom ta shara da ke bakin ƙofa, inda karnuka ke yaga ta, inda kuma maƙwabciyata Gladys ke leƙawa kullum ta san wa ya ci nama, wa ke shan magani. Wannan durom ta fi kowa a gidan tonon asiri.

Ni ke riƙe da makullan gida a madadin mai shi. Na tsaya a tsakar gida da jiƙaƙƙen siket na ɗaga murya yadda na sama za su ji.

"Na rantse da kabarin uwata, yau sai na san ko wane ne! Zan rubuta sunansa a allon bakin ƙofa da manyan baƙaƙe, duk mai wucewa ya karanta!"

Gladys ta leƙo ta taga, kai cike da robobin naɗe gashi. "Haka ake so, Doña Edelmira! Ni dai ina zargin ɗaliban nan masu takarda mai laushi kamar bargo. Ko kuwa tsofaffin can na sama?"

"Ki bar tsofaffi su ji da abin da ke damunsu," na ce mata.

Abin da ke damunsu kuwa kowa ya sani. Don Nibaldo tsohon ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa, matarsa Doña Clorinda kuma tela ce, har ciwon shanyewar ɓarin jiki ya ɗauke mata magana shekara biyu da suka wuce. 'Yarsu Maritza tana zuwa daga birnin Santiago Lahadin farko ta kowane wata. Duk mun ji ranar da ta tsaya a matakala ta ce masa, "Baba, na yarda ta zauna a wurinka. Amma ranar da Mama ta kasa kai kanta banɗaki, gidan tsofaffi zan kai ta, ko ka so ko ka ƙi." Shekararsu hamsin da huɗu a ɗakin nan mai shuɗiyar taga.

Da hantsi Floridor mai gyaran famfo ya hauro matakala yana haki, da naɗin waya a kafaɗa da sandar ƙarfe a hannu. Na sha ganin masu gyara, amma ban taɓa ganin irinsa ba. Bai tambayi kowa komai ba. Ya ce a kora ruwa a ɗakin sama, ya kafa sandar a ƙasa, ya ɗora kunnensa a kanta ya lumshe ido. Ya matsa taku uku ya sake. Muka yi tsit muna kallonsa kamar likita a kan ƙirjin majinyaci. A daidai bakin ƙofata ya tsaya ya buga ƙasa da dunduniya.

"Nan ta shaƙe," ya ce. "Kuma ba takarda ba ce kaɗai. Takarda ko ta yi kauri tana da kunya, in ta daɗe a ruwa tana saki. Wannan abin bai san saki ba."

Ya ɗaga murfin simintin, ya zura wayarsa, ya yi ta murzawa har gumi ya jiƙa masa riga. Can sai ya fara ja. Da farko wani dunƙule ne ya fito kamar kan kabewa, muka ce shi ke nan. Ashe somin taɓi ne. Floridor ya ja da baya, abin na biye da shi, toka-toka, a murɗe, kaurin cinyar mutum. Ya kai bakin tankin wanki bai ƙare ba. Ya wuce igiyar shanya bai ƙare ba. Sai da ya kai ƙofar gida ya juyo da shi, sannan wutsiyar ta fito, bututun ya yi wata irin ajiyar zuciya, ruwan wata da watanni ya wuce ƙarƙashin ƙafafunmu da ruri har ƙasa na rawa. Gladys ta yi alamar gicciye. Ni kaina, duk da warin, tsigar jikina ta tashi. Shekara talatin ina taka wannan wurin, ban taɓa tunanin abin da ke kwance a ƙarƙashina ba.

"Taku goma sha bakwai," in ji Floridor, yana share goshi da damtse. "Shekara arba'in ina wannan aiki, wannan ce sarauniyarsu. Ƙyallen goge jiki ne, mai laima ɗin nan na kanti. A jikin ledar sun rubuta wai ana korawa. Ana korawa mana, sai dai ba ya narkewa, yana maƙale wa ɗan'uwansa, maiƙo ya ɗinke su."

"Na jarirai?" Gladys ta ce, idonta na yawo a tagogi. "To wa ya haihu a gidan nan ba mu sha biki ba?"

Na durƙusa na ɓanɓaro guda ɗaya da tsinke na shimfiɗa shi. Ya fi na jarirai girma nesa ba kusa ba. Shekara ashirin da biyu na yi ina wanke majinyata a asibiti kafin in koma gasa burodi, na san shi kamar tafin hannuna. Floridor ya sunkuyo kamar zai ɗauki wayarsa, ya yi ƙasa da murya.

"Wutsiyar daga reshen sama ta fito, na ɗakin mai shuɗiyar taga. Ke kaɗai na gaya wa, Doña. Ni bututu nake gyarawa."

Na hau matakalar nan arba'in da ɗaya gwiwoyina na ƙara. Don Nibaldo ya buɗe ƙofa kaɗan, ya ga fuskata, sai ya buɗe ta duka ya koma gefe.

Igiyoyi ne suka ratsa ɗakin daga bango zuwa bango, an shanya ƙyallaye farare tas, waɗanda ya yanka daga tsofaffin zannuwan gado. A ciki yake wanki, a ciki yake shanya, don kada a gani a tsakar gida. Ɗakin ba ya warin komai sai sabulu da ganyen turare. Doña Clorinda na kwance, an tufke mata gashi gida biyu, kowanne da jan zare a ƙarshensa.

"Tun yaushe ta daina kai kanta banɗaki?" na tambaye shi.

"Wata goma sha huɗu." Ya kafe ido a kan takalminsa. "Ƙyallayen ina wankewa. Na gogewar ne ban san inda zan kai ba. In na sa a durom, Gladys za ta gani da safe, da yamma Maritza ta ji. Na san doka, maƙwabciya. Duk wanda na kora sai na roƙi Allah ya wuce da shi."

"Idan Maritza ta zo fa?"

"Ina shirya ta tun da asuba, in zaunar da ita a kujera. Awa biyu ne kawai. Tana daurewa." Ya dubi matar. "Ko ba haka ba, yarinya?"

Hannuna ne ya riga ni, tsohon sabo. Na ce, "Doña Clorinda, ki yi mini izini," na ɗaga bargo na juya ta a hankali. Na duba kafaɗu, na duba ƙugu, na duba dunduniya, duk wuraren da gyambon kwanciya ke fara ci. A asibiti muna da ma'aikata huɗu a kowane ɗaki da agogo a bango, amma mako uku ya isa fata ta buɗe. Wannan baiwar Allah wata goma sha huɗu tana kwance, fatarta sumul, babu ko jan tabo. Na san abin da hakan ke nufi. Duk bayan awa biyu sai an juya ta, an goge, an shafa mai, babu hutu ko na rana ɗaya, kuma mutum ɗaya ne ke yi, ɗan shekara tamanin da ɗaya. Igiyar ƙazantar nan da Floridor ya jawo daga bututu ta dawo mini a ido, kowane ƙyalle a jikinta tashi ɗaya ne da ya yi. Ban taɓa jin na ƙanƙanta a gaban ɗan Adam kamar ranar ba. Na mayar da bargon.

"Ki rubuta sunana," ya ce. "Haƙƙinki ne, na ɓata miki ɗaki. Roƙona ɗaya, ki bari sai bayan Lahadi."

Da na sauko, duk gidan na tsaye a gefen igiyar, an toshe hanci ana jira. Gladys har ta ɗauko mini alli ta miƙo. Na karɓa, na je gaban allon, na rubuta EDELMIRA da manyan baƙaƙe kamar yadda na rantse.

"Ke?" Gladys ta dafe ƙirji. "Ke da kanki kika yi wa kanki ambaliya?"

"Tsufa ne, maƙwabciya. Yana nan tafe gare ki, ki ajiye dariyarki."

"To me ya kai ki sama?"

"Haƙuri na je ba su, na tashe su da ihu a banza."

Floridor ya naɗe wayarsa bai ɗago kai ba. Da zai fita ya cire hularsa a gabana, abin da bai taɓa yi ba.

Kafin la'asar labari ya gama tudun. Wa zai sayi burodi a hannun matar da aka ce ba ta riƙe kanta? Washegari rabin abin da na gasa ya kwana a faranti, kuma ba zan ɓoye ba, na yi kuka, don ina da girman kai kuma ya ji ciwo. Amma kullum da hantsi ina hawa sama da kwandon burodi, in sauko da ledar sharar Don Nibaldo a ƙarƙashin tawul, in haɗa da tawa in kai durom. Gladys na leƙawa tana girgiza kai.

Ranar Lahadi Maritza ta zo, ta yi awa biyunta a sama. Da yamma na ji ana ƙwanƙwasa ƙofata a hankali. Ita ce, rungume da wani babban ƙunshi a baƙar leda, tana waige-waige.

"Goggo Edelmira, kar ki ji kunyata. Gladys ta gaya mini, sai na biya kantin magani." Ta tura mini ƙunshin. Ƙunzugun manya ne, mai tsada, guda sittin. "Duk wata zan riƙa kawo miki. Ni dai na gode wa Allah da Mama ba ta kai nan ba tukuna, da ban san yadda Baba zai yi ba."

"Allah ya yi miki albarka, 'yata," na ce. "Wata mai zuwa ki sayo ƙarami kaɗan, na fi ramewa fiye da yadda kike gani."

Na tsaya a bakin ƙofa har ta sauka ta sha kwana, sannan na rungumi ƙunshin na fara hawa matakala.