Kujera Ɗaya a Ɗakin Doña Eduvina

"Ba inda za ni, Rigoberto. Sauke min katifata."

Rigoberto na tsaye cikin yayyafi da katifar uwarsa, Doña Eduvina, a kafaɗa. Karo na uku ke nan yana tasowa daga birnin Concepción don ya ɗauke ta daga ɗakin katakon da aka ba ta bayan girgizar ƙasa ta rushe unguwarsu ta bakin teku. An ce zaman wata shida ne, ga shi an shiga shekara ta biyu.

Orfilia, mai ɗakin kusa, tana gyaran kifi a bakin ƙofa kamar ba ta ji. Ita kam ta gaji. Ta gaji da ruwan sama, da layin famfo, da jikoki huɗu a ɗaki ɗaya. Doña Eduvina kuwa sai ka ce gidan bene aka ba ta. Shekara hamsin tana dafa wa mutum goma sha ɗaya, ba ta taɓa cin abinci da zafinsa ba. Yanzu kofinta ɗaya, cokali ɗaya, kujera ɗaya. Kujerar da gangan ce, don baƙon da ya sha tsayuwa ba ya daɗewa.

"Maƙwabciya," in ji Rigoberto, "ke ce kusa da ita. Tsakani da Allah, lafiyarta ƙalau?"

Orfilia ta san tsohuwar na hutawa sau uku tsakanin famfo da ƙofa. Ta ga yadda ƙafafunta suka kumbura. Ta ɗaga kai, sai ta tarar Doña Eduvina ta kafe ta da ido.

"Ta fi ni ƙarfi. Jiya ma da kanta ta faskara itace."

Da motar Rigoberto ta tafi, tsohuwar ta leƙo. "Ashe kin iya ƙarya, Orfilia."

"Da sharaɗi na yi ta. Kullum safe in ga hayaƙin murhunki. Ran da ban gani ba, zan faɗo miki ko kin so ko kin ƙi."

"To ki zo da kujerarki."

Haka suka cinye watannin sanyi. Kafin Orfilia ta wanke ido, sai ta duba bututun rufin maƙwabciyarta. Wani lokaci ta jiyo ta tana yi wa rediyo gardama, ko tana waƙa da muryar da ba ta taɓa bari 'ya'yanta su ji ba. Orfilia takan ji ƙyashi, ba ta ɓoye wa kanta ba.

Wata Alhamis hayaƙi bai tashi ba. Orfilia ta tura ƙofa ta same ta a kujerar, rai ya yi halinsa, bargo a gwiwa, fuska ga tagar da ke kallon teku. An jera itace a murhu, kwalin ashana na hannunta.

A gida ake zaman gawa, don haka maza suka ɓalle katako biyu a gefen ƙofa kafin akwatin gawar ya shiga. Da la'asar maƙwabta suka yi ta zuwa, kowa da kujerarsa a ka, har ɗakin ya cika maƙil.

Rigoberto ya tsaya kusa da Orfilia, bai dube ta ba.

"Kin sani."

"Na sani."

"Da tana asibiti yanzu."

"Da tana can. Su shida a ɗaki."

Ita ma ba ta da tabbacin ta yi daidai.

Ya waiga neman wurin zama. Kujera ɗaya ce ta rage, ta bakin taga, bargon na ninke a kai. Ya ci gaba da tsayuwa.

Orfilia ta durƙusa gaban murhu don dafa wa mutane shayi. Itacen a jere yake yadda mai shi ta bar shi. Ta ƙyasta ashana, sannan ta fita ɗebo ruwa. Daga famfo ta juyo, hayaƙi na tashi a hankali cikin yayyafi.