Tauraron da Ya Ɓace Sau Biyu

Shekara ashirin da biyu Inoussa ya yi yana tuƙa baƙi cikin hamadar Tenere, kafin yawon buɗe ido ya mutu a Agadez. Yana shirin sayar da motarsa kat-kat ke nan wani Bature masanin taurari, Mushe Lambert, ya ɗauke shi aikin kwana goma.

Wani ƙaramin dutse mai yawo a sararin samaniya ne ya kawo Baturen. Dutsen zai gifta gaban wani tauraro ya rufe shi na 'yan daƙiƙu, kuma daga duwatsun Aïr za a fi ganin abin. Madubin hangen nesa biyu ya zo da su, don a kafa a wurare biyu, sai zazzaɓi ya kayar da abokin aikinsa a otal. Dole ya koya wa Inoussa.

"Ka sa ido a nan," in ji Lambert. "In tauraron ya ɓace ka danna maɓallin na'urar nan, in ya dawo ka danna. Shi ke nan."

Aka bar Inoussa shi kaɗai a kan wani tudu gabas da Tabelot. Tauraron ya ɓace, ya dawo. Kafin ya ɗaga kai sai ya sake ɓacewa, ɗan kaɗan, ya dawo. Sau huɗu ya danna.

Da safe Lambert ya yi dariya har da dafa masa kafaɗa. "Ƙifta ido ka yi, mon ami."

"Mushe, sawun mota na kwana uku nake ganewa a kan rairayi. Sau biyu ya ɓace."

Baturen ya zare katin na'urar ya sa aljihu.

Bayan shekara uku, Inoussa ya koma dakon albasa daga Tabelot. Wata ranar la'asar 'yarsa Souwaiba, wadda ke karatu a jami'a a Yamai, ta same shi a tsakar gida yana wanke baƙin mai daga hannunsa. Ta miƙo waya.

"Baba, dutsen nan naku ashe biyu ne. Akwai wani ƙarami da ke zagaya shi. Ɓacewa ta biyun nan da ka gani, shi ne."

Inoussa ya zauna bisa turmi. Shekara uku yana zaton ko da gaske idonsa ne ya fara lalacewa.

"Karanta mini sunayen waɗanda suka gano shi."

Ta karanta shida. A can ƙasan takardar an gode wa "shofer ɗinmu", wato direba.

"Ba suna?"

"Babu, Baba."

Souwaiba ta rubuta wa Lambert. Amsa ta zo cikin ladabi: ƙa'ida ce, masana kawai ake sa wa suna, amma yana tunawa da alherin Issoufou, a gaida shi ƙwarai.

"Wane ne Issoufou?" in ji Inoussa.

Ya kaɗa kai, ya ce ta bar maganar.

Ba ta bari ba. Ta rubuta wa mujallar da ta buga labarin har sau biyu, ba a amsa ba. Shi kuwa Inoussa, in abokai a fada, wurin hirarsu, suka tambaye shi me suka yi da Baturen nan a daji, sai ya kurɓi shayinsa ya ce tuƙi kawai ya yi.