Ruwan Hoda a Maɓalli na Huɗu

Wening ta sa tsumma ta goge baƙin hayaƙin da ya kwanta a kan murfin robar, sannan ta haska da tocila. Kwana goma ke nan da 'yan sanda suka rufe ɗakin wutar kamfanin ɗinkin, amma har yanzu ƙaurin ƙonanniyar waya bai fita ba. A can ƙarshen ɗakin akwatin wutar da ya fashe yake, ƙofarsa a lanƙwashe. Tun da ta shigo ta ƙi kallon wajen. A gabansa Pak Karjono yake tsaye ranar da ya fashe, mutumin da ya shekara takwas yana koya mata aikin lantarki kafin ta koma kamfanin masu binciken haɗurran lantarki. A nan birnin Semarang, Pak ake ce wa namiji babba, Bu mace babba, Mas da Mbak kuma namiji da mace matasa.

"Mbak Wening, kada ki wahalar da kanki," in ji Pak Gunarso manaja daga bakin ƙofa, ya toshe hanci da hankici. "Kowa ya san aikin Hardiman mai gyaran wutarmu ne. Ki rubuta ki sa hannu mu miƙa wa 'yan sanda, kya samu ki je addu'ar bakwai ta Pak Karjono."

"In kowa ya sani, me ya sa kuka taso ni cikin hutun Salla, Pak?"

"Ai sai da takardarki za su yarda."

Ta ci gaba da aikinta. Babbar bireka mai yanke wuta ce a gabanta, wadda duk wutar sashen ɗinki ke bi ta cikinta. A ƙirjinta akwai wata 'yar na'ura da ba ta fi tafin hannu ba, mai ƙaramin allo da maɓallai huɗu na juyawa. Pak Karjono ƙwaƙwalwa yake kiranta. Ya kan ce bireka ƙarfi kawai gare ta, wannan ce ke auna wutar da ke wucewa ta gaya mata lokacin da za ta faɗi. Maɓalli na farko na lodi ne idan ya yi yawa. Na biyu da na uku na wayoyi ne idan sun haɗu. Na huɗu kuwa shi ke jin wutar da ta ɓalle daga hanyarta ta nufi ƙasa, ta jikin ƙarfe ko ta jikin mutum, ya yanke ta kafin ƙiftawar ido.

"Idan ta faɗi, magana take yi miki," haka ya sha gaya wa Wening. "Ki je ki nemo abin da ta gani. Wanda ya juya maɓalli don ta yi shiru, ba ni na koya masa ba."

Wening ta danna allon. Na'urar ba ta mantuwa: faɗuwa goma sha ɗaya cikin kwana biyu, duk saboda wuta na zurarewa ƙasa. Daga safiyar Laraba sai shiru. Sannan ta ƙarshe, ranar Alhamis da hantsi, inda wuta ta yi kusan daƙiƙa biyu tana ci a cikin akwatin can kafin birekar ta yanke. Daƙiƙa biyu ba komai ba ne a wurin mai shan shayi. Su suka kwantar da Pak Karjono kwana uku a asibiti, ya rasu ana saura kwana biyu Salla.

Maɓalli na huɗu a kashe yake. Wannan manaja ya riga ya gani, shi ya sa aka dakatar da Hardiman, wanda shi ne ke kan aiki a makon, ga shi dama an san shi da gaggawa. Wening ta buɗe murfin ta matso da tocila.

Pak Karjono yana da wata ɗabi'a da duk kamfanin suka daina yi wa dariya. Duk maɓallin da ya saita, sai ya ja masa layi da jan farce, daga kan maɓallin zuwa jikin na'urar, ya ɗiga ɗigo ɗaya a ƙarshe. Wanda ya taɓa a bayansa, layin zai karye. Kwalbar tana aljihun rigarsa kullum, ko aro ba ya bayarwa. Maɓallai uku na farko ga layinsu nan ja, cif. Na huɗu jan layinsa ya karye. Amma a sabon wurin da aka juya shi, an ja wani layin, miƙaƙƙe, da ɗigonsa a ƙarshe. Ruwan hoda ne, sabo fil.

Ta daɗe a tsugune. Hannun ta sani kamar yadda ta san rubutun mahaifinta. Launin ne ba ta sani ba, sai ta riƙe wannan ɗan shakkun da hannu biyu. Ta ɗauki hoto da wayarta, ta mayar da murfin.

"To?" in ji manaja.

"Gobe da safe za ka samu takarda, Pak."

Hardiman na zaune a kan babur ɗinsa a bakin ƙofar kamfanin. Kowa ya tafi garinsu Salla, shi an hana shi barin Semarang. Ya rame, gemu ya fito masa.

"Mbak, wallahi ban taɓa ba. Na san ni mai gajen haƙuri ne, amma birekar Pak Karjono? Ai ko ƙura ba na share mata sai ya ce."

"A makon me ya faru, Mas?"

"Kin san ƙarshen azumi. Aka ce ba mai tafiya gida sai an gama ɗinkin da aka yi alkawari. Mata ɗari huɗu, kowacce da tikitin motarta a jaka. Wuta ta ɗauke, a tsaya, a tayar, ta sake ɗaukewa. Ranar Talata wasu har kuka suke yi a ƙofar ɗakin nan. Pak Karjono ya ce ruwa ne ya shiga wata waya a ƙarƙashin ƙasa, kuma nemo ta sai an kashe komai kwana biyu." Ya sunkuyar da kai. "Na je jana'iza, matarsa Bu Tumini ta ce wanda ya taɓa abin nan ba ta yafe masa ba duniya da lahira. Idonta a kaina. Matata ko kasuwa ba ta iya zuwa."

Wening ta hau babur ɗinta ta nufi gidan Pak Karjono.

A gidan marigayin an kafa rumfa har ta tare rabin lungu. Matan unguwa na zaune a tabarma suna zuba shinkafa da kaza da dafaffen ƙwai a 'yan kwalaye, waɗanda maza za su tafi da su gida bayan addu'a. Bu Tumini, matar Pak Karjono, ta ja Wening zuwa ɗaki.

"Kin rame, 'yar nan. Kin ci abinci? Kin je can?"

"Na je, Bu." Ta yi ta juya wayar a hannu. "Bu, jan farcen nan na Pak, ke kike saya masa har yanzu?"

Bu Tumini ta yi 'yar dariya, ta farko cikin kwanaki. "Shekara talatin! Ni da ban taɓa shafawa ba saboda alwala. Mai shagon har tsokanata take, wai Bu, a ƙafa kike ɓoyewa? In ce mata kishi ya ishe ni, na 'yan matan mijina ne, suna can kamfani a jere cikin akwatunan ƙarfe." Ta goge ido da bakin mayafi. "Kullum ja, kullum ja. Ran Talata, kwana biyu kafin abin ya faru, ya ce nasa ya bushe. Na je, sai na ga wani mai kyau, na ce yau dai sai na zaɓi wanda nake so. Ya yi ta mita, wai za a ce tsoho ya lalace."

"Wane launi, Bu?"

"Ruwan hoda."

Wening ta so ta mayar da wayar jaka. Ta so ta ce ba komai, ta fita ta taya mata zuba shinkafa, ta bar mutumin da ya mayar da ita mutum ya kwanta da sunansa mai kyau. Amma Hardiman na can a bakin ƙofar kamfani. Ta buɗe hoton ta miƙa, hawaye na zubo mata.

Bu Tumini ta sa tabarau. Ba ta san aikin lantarki ba, amma ta san layin da ɗigon, don har a kan murhun gas ɗinta akwai shi.

"Wannan ne wanda aka juya?"

"Shi ne, Bu. Ina jin so ya yi matan su samu su tafi gida, bayan Salla ya nemo wayar. Ran Alhamis ya kasa haƙuri ya buɗe akwatin ya duba."

"Kuma ya tsaya ya sa alama."

"Da bai sa ba, ba mai cewa shi ne."

"Haka yake," in ji Bu Tumini. "Ko ƙarya bai iya ba, wawan tsoho." Ta zauna a bakin gado ta dafe baki, kafaɗunta na rawa. Can ta ce, "Ni da bakina na ce ban yafe ba. A gaban gawarsa na faɗa, Wening. Ashe shi nake yi wa."

Wening ta durƙusa ta riƙe mata gwiwa. A waje mata na gardama a kan ko ƙwai zai isa.

"Abin da kika gani za ki rubuta?"

"Shi zan rubuta, Bu. Ki yafe mini."

Bu Tumini ta miƙe ta buɗe wata leda da asibiti suka ba ta. Agogonsa ne a ciki, da mabuɗai, da 'yar kwalbar ruwan hodan wadda zafi ya narkar da gefen murfinta. Ko kashi ɗaya cikin goma ba a taɓa ba. Ta juya ta a tafin hannu.

"Da ma ja na saya irin na kullum," ta ce.

Ta fita tsakar gida, Wening na biye. Ta ɗauki kwali ɗaya, ta buɗe, ta ƙara cinyar kaza, ta rufe ta ɗaure. Matan suka bi ta da kallo, don ba a fara rabo kafin addu'a.

"Kai wa Hardiman," ta ce. "Ki ce masa ya sa riga mai kyau ya zo da magariba. Wurin zamansa na gaba, kusa da liman."