Finjalin da Zulkiflu Ya Ajiye

Shekara tara Alhaji Arzika ya yi a Ha'il, wani tsohon birni a arewacin Saudiyya, yana dafa wa wani dattijon Balarabe gahawa. Ran da ya dawo Zagga, matarsa Asama'u ta buɗe akwatinsa tana sa ran ko turmin atamfa, sai ta tarar da turmin tagulla na daka, da buhun 'ya'yan gahawa, da finjalai goma sha biyu, da wata buta mai dogon baki kamar na zalɓe, wadda ya ce sunanta dalla. Ta mayar da murfin akwatin. Mutum ya dawo da ransa da lafiyarsa, wannan ma abin godiya ne.

Washegari ya cire ƙyauren zaure ya jingine shi bayan rumbu. A Ha'il, in ji shi, mai mutunci ba ya rufe ƙofa, kuma wutar gahawarsa ba ta mutuwa. Awakin unguwa ne suka fara karɓar wannan al'ada hannu bibbiyu.

Daga nan sai dokoki suka biyo baya, yana karanto su ga duk wanda ya zauna. Mai zubawa a tsaye yake zubawa, dalla a hagu, finjali a dama. Wanda ya ƙoshi ya girgiza finjalinsa, in bai girgiza ba a ƙara masa. Sadisu mai faci ya manta da wannan, ya sha goma sha bakwai a zama ɗaya, ya yi kwana biyu yana yi wa tayoyin da ba su fashe ba faci. Baƙo kuma ba a tambayarsa abin da ya kawo shi sai ya kwana uku. Amma babbar doka, wadda Arzika ke sassauta murya in zai faɗe ta, ita ce ta finjalin da aka ajiye. Baƙon da aka miƙa wa gahawa ya ajiye ta ƙasa bai kurɓa ba, yana da buƙata ke nan, kuma ba zai sha ba sai mai gida ya ce, "Sha gahawarka, an biya buƙatarka." In baƙon ya tashi finjalin na nan cike, mutuncin gidan ya zube har jikoki.

Gahawar nan kuwa ɗaci gare ta kamar maɗaci, ba sukari ba madara. Amma mutanen Zagga masu kara ne. Tun ran da wani ya ajiye finjali don ya amsa waya ya koma gida da kaza a hammata yana ba da haƙuri, kowa ya koyi runtse ido ya haɗiye kamar magani.

Ana nan ana nan, wata Laraba da hantsi, sai ga Zulkiflu, mijin 'yarsu Safina. Bafulatani ne makiyayi, rugarsu na can tsallaken iyaka cikin Benin. An yi auren ne lokacin da Arzika ke Ha'il, don haka wannan ce haɗuwarsu ta farko. Zulkiflu ya tuɓe takalma tun daga nesa, ya durƙusa a gefen tabarma, ya gaida surukinsa idonsa a ƙasa. Arzika ya miƙe tsaye, ya zuba, ya miƙa masa. Zulkiflu ya karɓa da hannu biyu, ya ajiye a gabansa a hankali.

To, ko jariri a ƙasar nan ya san Bafulatani ba ya ci ba ya sha a gaban surukinsa, ko da ƙishirwa za ta kashe shi. Arzika ma ya sani. Amma shekara tara ba kwana tara ba ce. Ya dubi finjalin, fuskarsa ta yi haske kamar wanda aka yi wa albishir.

"Sha gahawarka," ya ce, "an biya buƙatarka."

"Na'am, Baba," in ji Zulkiflu, ya ƙara sunkuyar da kai.

Arzika ya jira ya ji buƙatar, shiru. Tambaya kuma ba ta halatta sai an kwana uku. Sai ya fara cinta. Ya kwance ragon da ake kiwo don layya, ya ɗaure a ƙofar zaure, ya ce na baƙo ne. Finjali bai motsa ba. Bayan azahar ya ƙara da rediyo.

Asama'u ta buga wa Safina waya. Safina ta ce, "Inna, maganin shanu yat tahi saye Bagudo, yac ce bari shi biyo shi gaishe ku. Ba shi son komi." Asama'u ta kai wa mijinta wannan labari ta bayan zana, ta ce kunya ce kawai, ya ba yaron wuri minti ɗaya zai sha.

"Mai gida ba shi juya ma finjali baya," in ji Arzika. "Kuma kunyar ga da kike hwaɗi, ai don ita anka yi dokar. Don mai kunya shi roƙa ba sai ya buɗe baki ba."

Ta koma ta gwada ɗaya ɓangaren. Ita ma surukuwa ce, ba dama ta yi masa magana kai tsaye, sai ta fuskanci zana ta ce, "A hwaɗa ma baƙo shi kurɓa ko kaɗan, gida na ƙarewa."

Zulkiflu ya fuskanci zana shi ma. "A hwaɗa ma Inna, wallahi ko yanka ni za a yi, ba ya wucewa ga maƙoshi."

Tafiya ma ba ta yiwu ba, don suruki ba ya tashi sai an sallame shi, Arzika kuwa ba zai sallami baƙon da bai sha ba. Haka aka wuni. In an kira salla su tafi masallaci tare, su dawo tare, kowa ya koma mazauninsa, finjali a tsakiya. Abinci sai Asama'u ta ajiye bayan rumbu, Zulkiflu ya ce zai kama ruwa, ya je ya cusa loma huɗu ya dawo yana goge baki da kunya.

Ran Alhamis Arzika ya zubar da ta jiya ya zuba sabuwa, ya ba da babur. Zulkiflu, wanda bai taɓa hawa komai ba sai jaki, ya ce, "Na'am, Baba," hawaye na taruwa a idonsa. Arzika ya ga hawayen ya ce lallai buƙatar babba ce. Ya ba da babbar rigarsa ta Idi, ya ba da agwagi shida, ya ba da gadon ƙarfe, har ƙyauren nan na bayan rumbu aka ɗauko aka ɗora bisa tulin. Labari ya kai Kurgu da Sharabi. Mutane suka zo kallo, wata mai tuyar kifi ta kafa kaskonta a gindin dalbejiya ta yi ciniki. Har wasu mutum biyu suka tsallako daga Benin don sun ji ana rabon kaya ga duk wanda bai sha gahawa ba, amma da aka miƙa musu sai kara ta kama su suka shanye.

Asama'u ta daure wa rago, ta daure wa babur. Gadon ne ya ɗan sosa mata rai, amma ta shimfiɗa tabarma. Abin da ta kasa daurewa shi ne maganar da Arzika ya yi ran Juma'a da safe, a gaban jama'a, cewa ya gane abin da makiyayi ke so: ƙasa mai ciyawa kusa da ruwa. In an sauko la'asar finjali na nan, zai ba da gonar fadama.

Gonar nan ta bakin kogin Kwara, sunansa ne a kanta, amma guminta ne a cikinta. Shekara taran da ya yi yana daka gahawa, ita ta nome ta, shinkafa da damina, albasa da rani. Sau biyu ruwa ya cinye shukar ta sake. Da ita ta ciyar da gida, da ita ta yi wa Safina kayan ɗaki. Ta zauna a bakin murhu tana tunanin gonar, har tuwon rana ya ƙone ba ta sani ba. Ta san mijinta, in ya faɗa a gaban mutane ya faɗa ke nan.

Da aka sauko la'asar zauren ya cika maƙil. Arzika ya gyara murya. Sai ga Asama'u ta shigo da mayafinta, ta ratsa maza, ta zauna a bakin tabarma ta juya wa surukinta baya. Mace ba ta taɓa zama a zauren nan ba. Amma doka ta ce duk wanda ya zauna a zuba masa, hannun Arzika kuwa ya riga kansa sanin doka. Ya miƙe, ya zuba, ya miƙa mata. Ta karɓa, ta ajiye a ƙasa.

Arzika ya dubi finjali, ya dubi matarsa ta shekara talatin da ba ta taɓa roƙonsa ko tsinke ba.

"Sha gahawarki," ya ce, "an biya buƙatarki."

"Gonar hwadama, Alhaji."

Ya ɗaga kai alamar ya bayar. Sannan ya waiwaya ga Zulkiflu, ya duba hagu ya duba dama, ba sauran abin bayarwa a gidan. Sai abin da ke hannunsa. Ya goge dalla da bakin rigarsa, ya durƙusa, ya ajiye ta a gaban surukinsa, ya tura masa turmin tagulla da sauran finjalai.

"Ita ta rage min, ɗana. In ba ita ba ce, ban san mi kake so ba."

Bai jira amsa ba. Ya juya ya shige cikin gida, kafaɗunsa a sauke. Asama'u ta ɗauki finjalinta ta bi shi. Ko tsakar gida ba su kai ba suka ji zauren ya ɗauki sowa, "Ya sha! Ya sha!" Surukai na ba da baya, Zulkiflu ya kafa kai ya shanye har da tsaki-tsakin.

Arzika bai koma ya gani ba. Ya zauna a ƙasa inda gado yake a da, ya miƙe ƙafafu, hannayensa a cinya ba su san abin da za su riƙe ba. Asama'u ta samu gonarta, amma daɗin da ta yi zato bai zo ba. Tausayi ne ya kama ta.

"Ke ba ki sha taki ba," ya ce.

Ta kurɓa. Ta huce, ɗacin ya ninka, sai da ta yamutse fuska.

"Wanga abu kash sha shekara tara, Alhaji?"

"Finjali guda, na hwarko, don baƙi su ga ba guba ciki," ya ce. "A tsaye. Sauran duk zubawa nike, in ja baya in jingina ga bango, in ji maigidan na ce ma mutane an biya buƙatarsu. Kullum ina maimaitawa cikin raina. Ko sau ɗaya ba a taɓa ce min zauna ba."