Makarar Munir

Tun kafin su bar layin masallaci Munir ya ji ƙarar. Ba babba ba ce, kamar an taka busasshen kara. Daga hannun makara na baya na hagu ta fito, kuma a duk masu bin gawar shi kaɗai ya san abin da take nufi, domin shi ya yi makarar.

Bai daɗe da fara kafinta ba. Aikin ofis ya bari a Ikeja, ya sayi zarto da injin huda katako, ya koyi zana kayan ɗaki a wata manhaja ta kwamfuta, inda mutum zai gina tebur ya juya shi sama da ƙasa tun bai taɓa katako ba. Ya yi tebura da kantar takalma, duk suna tsaye. Da ruwan Legas ya cinye tsohuwar makarar masallacinsu a Agege, Liman ya ce ga ɗan unguwa mai ilimin zamani, me za a je nema a waje.

Tsohuwar sanduna biyu ce dogaye, an shimfiɗa katako a kansu. Ba ta shiga ɗakin ajiya, shi ya sa ta ruɓe a waje. Munir ya gyara wannan a zane. Ya cire dogayen sandunan, ya yi hannaye huɗu gajeru masu naɗewa ciki, kowanne riƙe da noti ɗaya. A allon kwamfuta ya kwantar da mutum a kai, ya tsayar da huɗu a kusurwoyi. Tsawonsu ɗaya, ba sa motsi, babu mai neman lada a cikinsu.

Wanda ya fara hawa ta kuwa Alhaji Iliyasu ne, babban mahauci a abbatuwa, wanda ya ci nama shekara da shekaru, naman kuma bai je ko'ina ba.

Ba a barin mutum huɗu su kai gawa maƙabarta. Kowa yana so ya sa kafaɗa ko da taku kaɗan ne, wannan ya zare, wancan ya shiga, ana tafiya ba tsayawa. Munir ya sha yin haka tun yana yaro, amma bai tuna ba lokacin da yake zane. Salissou, dogon dillalin shanu, ya karɓi hannun gaba na dama. Wani gajeren mai burodi ya karɓi na baya na hagu. Makarar ta murɗe, katako ya sake yin ƙara, wannan karon doguwa.

Munir ya kutsa, ya ture mai burodin. Bai ɗora hannun a kafaɗa ba, ya shige ƙarƙashin jikin makarar, kusurwar ta zauna masa kusa da wuya. Ya riƙe hannun da yatsu don kada a gane. Yana jin sa yana rawa kamar haƙorin da ya kusa fita.

Aka yi ta canji a sauran kusurwoyi uku. Tasa ba ta canja ba.

"Oga kafinta," wani tsohon mahauci ya ce masa ƙasa-ƙasa, "ladan ma kai kaɗai za ka cinye?"

Abu ɗaya Munir yake gani a ransa: Alhaji Iliyasu a cikin likkafani, kwance a kwalta tsakanin motar danfo da keke, ruwan kwata yana shiga farin yadi, mutanen titi suna ɗaukar hoto da waya.

Khamisu, babban ɗan mamacin, ya matso da jajayen idanu.

"Malam Munir, kawo in karɓe ka."

"Bari tukuna."

"Ka gaji. Kawo."

"Je ka gaba, ka karɓi na Salissou."

"Nan nake kusa. Ubana ne fa."

Khamisu ya kama hannun ya ja. Munir ya ji notin ya motsa cikin tsagaggen katako. Ya buge hannun maraya a gaban gawar ubansa. Masu kalimar shahada na kusa suka yi shiru. Wani ya ce a bar shi, ai makarar gadon gidansu ce.

Sai layin dogo. Ƙasa ta ɗaga, na gaba suka hau kan duwatsu, makarar ta karkata baya. Munir ya ji gawar ta zame kaɗan cikin tabarma, ƙafafun suka zo suka tsaya daidai kunnensa. Wani abu ya ba da ƙara a kafaɗarsa, bai san ko katako ne ko ƙashi ba. Ya tsallake ƙarfen farko, ya tsallake na biyu. Bai yi addu'a ga mamacin ba, noti ya yi wa.

A bakin kabari aka sauke. Da ya miƙe, hannun makarar ya biyo shi. Ya tura shi cikin riga, ya koma bayan jama'a. Hannunsa na hagu ya ƙi ɗaguwa, bai zuba ƙasa ba. Khamisu ya lura da wannan ma.

Bayan an shafa fatiha, Liman ya same shi.

"Abin da ka yi wa yaron nan bai kyautu ba, za mu yi magana. Yanzu dai a mayar da makarar ƙofar masallaci, kada a naɗe ta. Tani mai ƙosai ta rasu ɗazu, bayan la'asar za a kai ta."

"Ba a wannan ba, Allah gafarta Malam."

"Wata gare mu?"

Mutane sun fara juyowa, Khamisu a cikinsu. Munir ya sa hannun dama cikin riga, ya fito da guntun katakon, notin yana reto a jikinsa, ya miƙa wa Liman.

Liman ya dube shi, ya dubi kusurwar da babu hannu, ya dubi hanyar da suka biyo.

"Tun daga ina?"

"Tun daga masallaci."

Khamisu ya zauna a ƙasa inda yake tsaye.