Lambar Gadalla

Ratiba ba ta son hanyar katakon nan, kuma ba ta ɓoye wa kowa ba. Tun ranar da aka fara kafa ta, daga tsohon ɗakin fitilu har bakin teku, take zama a ƙofar gidanta tana kallon ma'aikata tana jan tsaki. An yi ta da faɗi, an sa mata madafa hagu da dama, wai ko mai keken guragu zai gangara har ruwa ya kalli kifi da murjani. Madalla. Maza nawa ƙurar fosfat, ma'adinin takin da ake haƙowa, ta cinye wa huhu a Marsa Sidra, suka ƙare a ɗaki suna jin ƙarar teku ba mai kai su? Ba wanda ya kafa musu ko guntun katako. Sai yanzu da ramin haƙar ya mutu, garin ya bi shi, aka tuna da su don a kawo masu jajayen kunnuwa su ɗauki hoton talaucinsu.

Abin da ya fi ci mata rai, 'yarta ce ke jan ragamar aikin. Shadiya ta yi karatu a birnin Kena, ta dawo da tabarau da iyayi, ta ce za ta tayar da garin ubanta. Uban da ba ta taɓa sa wa ido ba, don tana cikin uwarta ramin ya rufta da shi.

Ana gobe bikin buɗewa, suna karyawa da wake da gurasa, Shadiya ta kira ta Yamma, kamar yadda ake kiran uwa a garin, ta ce, "Yamma, an ajiye miki kujera a sahun gaba."

"Kujerar me? Ko ni ma cikin gilashi za ku sa ni, a rubuta 'tsohuwar matar mahaƙi, kada a taɓa'?"

"Haba Yamma. Samari nawa suka fasa tafiya wankin kwano a otal-otal saboda aikin nan? Ki duba mana."

"Na duba. Jikokin mazan da suka fasa dutse sun koma riƙe wa Turawa laima. Allah ya sanya alheri." Ta ture kwanon. "Ku yi duk haukan da za ku yi. Allon nan dai kada wanda ya taɓa."

Shadiya ta sunkuyar da kai. "Injiniya Tal'at ya ce iskar gishiri na cin tagullar. Ta yi kore shar, lambar ma ta kusa shafewa."

"Ta ci. Ina ruwan injiniya? Ubansa ne?"

A nan maganar ta tsaya, ko kuma a nan Ratiba ta ɗauka ta tsaya.

Kowa a Marsa Sidra ya san allon. Tun zamanin da Italiyawa ke riƙe da kamfanin yake jikin bangon ɗakin fitilu, ƙusoshi jere a kansa. Kowane mahaƙi yana da lambarsa ta tagulla, mai kamar ƙwandala. In zai shiga rami ya rataye ta da hannunsa ya karɓi fitila, in ya fito ya cire abarsa ya sa aljihu. Lamba a ƙusa, mutum yana ƙasa. Ba mai rataye wa wani, ba mai cire wa wani, ko da wasa. Hanya ɗaya ce lamba ke sauka ba da hannun mai ita ba: in an fid da rai, mai kula da fitilu ya cire ta ya kai wa matar mutumin, a ranar kuma ake zaman makoki.

Mutanen da ramin ya haɗiye tare da Gadalla, mijin Ratiba, duk matansu sun karɓi nasu tun a shekarar. Ratiba ta ƙi. Liman ya zo ya yi mata nasiha, 'yan'uwanta suka zo daga ƙauye suka yi faɗa, masu neman aurenta suka yi zarya har suka gaji. Amsarta ɗaya ce: ba ta ga gawa ba, shi ya rataye, shi zai cire. Ba mahaukaciya ba ce, ta san abin da shekara talatin da ɗoriya ke nufi. Amma muddin lambar na jikin ƙusa, ba wanda ya isa ya ce mata gwauruwa, ba kuma wanda ya isa ya ce an gama da maganar Gadalla.

Amm Basyuni, baffan kowa a garin, shi ne mai kula da fitilu a wancan lokacin. Yanzu tsufa ya taɓa masa kai, wani lokacin ko sunan 'ya'yansa sai an tuna masa, amma kullum da safe sai ya dogara sanda ya je ya duba allo, kamar har yau ana biyansa.

Da hantsi ranar bikin, Ratiba na jera ƙullin gurasa a rana don ya tashi, ta ji ƙwas-ƙwas ɗin sanda a kan katako, da sauri irin wanda ba ta san tsohon da shi ba. Tun daga nesa yake kira.

"Ummu Shadiya! Ummu Shadiya! Albishirinki!"

"Lafiya, Amm Basyuni? Ka bi a hankali kar ka faɗi."

Ya iso yana haki, rawaninsa ya warware, hawaye na bin gemunsa, bakinsa har kunne. "Ya fito! Gadalla ya fito! Ƙusarsa ba komai! Ni ban cire ba, wallahi ban cire ba, to wa zai cire in ba shi ba? Ɗora ruwan wanka, yarinya, zai zo duk ƙura!"

Faranti ya suɓuce mata, ƙulli ya kife a ƙasa. Abin da ya biyo baya kuwa, ba za ta taɓa yafe wa kowa shi ba. Ta miƙe. Hannunta ya kai kanta yana gyara mayafi. Ta leƙa hanyar da ke gangarowa daga dutse, har ta tambayi kanta ko akwai wankakkiyar riga da zai sa. Mace da ta isa yin jika, mai furfura, ta tsaya tana leƙen miji kamar amarya. Ba ta fi numfashi biyu a haka ba hankalinta ya dawo, sai kunya da baƙin ciki suka rufe ta lokaci guda.

Ko takalmi ba ta tsaya nema ba. Ranar ce ta fara taka hanyar katakon da ta rantse ba za ta taka ba, Amm Basyuni na biye da ita yana murna.

An cika maƙil a ƙofar ɗakin fitilu. Masu algaita na busa, manya daga birnin Kusair sun hakimce a kujeru, motar otal ta sauke baƙi da jajayen fuskoki da gajerun wanduna. An kafa sabon allo a waje, ana ba kowane baƙo sabuwar lamba mai ƙyalli, ya rataye yana dariya a ɗauke shi hoto, wai ya zama mahaƙi. Mai gadi ya tare ta, ya ce sai mai katin gayyata.

"Kati? Ni na wanke uwarka ranar da ta haife ka. Matsa."

Ya matsa.

Ciki an yi fenti, an sa fanka, an goge tsofaffin fitilu an jera. Tsohon allon na nan a bango, wayam. A tsakiyar ɗakin ga akwatin gilashi, an shimfiɗa jan ƙyalle, lambar Gadalla na kwance a kai. An goge ta har tana ɗaukar ido, kamar ba ta taɓa sanin gumin mutum ba. Injiniya Tal'at na tsaye a gefe da kwat, yana yi wa wata tsohuwar Baturiya mai keken guragu bayani.

"Kai ne?" in ji Ratiba.

Ya juyo da murmushinsa na mutanen Alƙahira. "Marhaba, Hajiya. Kin ga yadda muka adana—"

"Ban yi hajji ba, kar ka ba ni abin da ban biya ba. Na ce kai ne ka sa ƙazamin hannunka?"

"Ki yi haƙuri, da an bar ta lalacewa za ta yi. Yanzu kuwa duniya za ta san labarinsa."

"Duniya! Ina duniyar take lokacin da muke tonon dutse da farce? Kun zo kun ga gari ya mutu, kun yi masa kwalli kuna karɓar kuɗin kallo. Ɗauki ƙashin kakanka ka sa a gilashi mana, in kana da kaka!"

Algaita ta yi shiru a waje. Mutane suka fara leƙowa ta taga, baƙi na ɗaga wayoyi.

"Yamma, ƙyale shi. Ni ce."

Shadiya ce a bakin ƙofa, cikin jan mayafin da ta saya musamman don bikin. Ratiba ta dube ta kamar ba ta gane ta ba.

"Me kika ce?"

"Ni na cire, jiya da la'asar. Da ma za a cire. Na ce in dai sai an taɓa, to ba baƙon hannu ba, ni 'yarsa ce."

"'Yarsa? Kin san shi ne? Kin san ƙamshin rigarsa? Ke da ko tarinsa ba ki taɓa ji ba!"

"Ban sani ba!" Muryar Shadiya ta tashi. "Ta ina zan sani? Kin taɓa ba ni labarinsa? Ƙusa kika nuna mini. Tun ina yarinya, in yara sun ce ina ubanki, sai in ce yana ƙasa, su yi ta dariya. Marayu ana shafa musu kai, ni ko maraicin kin hana ni. Ban taɓa yi masa addu'ar mamaci a gabanki ba don tsoron bakinki. Na gaji, Yamma. Na gaji da uban da ke rataye a bango."

"To ki sayar da shi. Ai kin samu kasuwa."

Shadiya ta ciro mabuɗi, ta buɗe gilashin, ta ɗauko lambar ta danƙa a tafin uwarta. "Ga shi. Mayar. Ni da aikin duk a kore mu, ba komai."

Ratiba ta damƙe ta. Daɗi ya ɗan ratsa ta, irin na wanda ya ci nasara a gaban jama'a. Ta ratsa mutane ta isa allon. Ba sai ta nema ba, ta san ƙusar kamar yadda ta san haƙoran bakinta. Ta ɗaga hannu.

"Kai! Kai! Kai!" Amm Basyuni ya buga sanda a ƙasa, da muryar da ya saba tsawata wa sababbin mahaƙa. "Ummu Shadiya, me za ki yi? Ba a rataye wa wani! Mutum yanzu ya fito, za ki mayar da shi ƙasa da hannunki?"

Hannun ya tsaya a sama. Ta so ta ce masa ya yi mata shiru, tsohon banza mai ruɗaɗɗen kai. Amma dokar da ta riƙe shekara da shekaru, ta kori liman da ita, ta kori dangi, ita ce tsohon ya faɗa, bai ƙara ko wasali ba. Shi ya rataye. Wani ba ya rataye masa. Ta dubi tafinta. Lambar ta sauka, an kuma kawo wa matarsa a hannu, a gaban shaidu. Duk mai furfura a ɗakin ya san sunan wannan, ranar makoki ce ta zo, shi ya sa tsofaffin matan da ke bakin taga suka fara jan mayafi suna rufe baki.

Hannun ya sauko a hankali.

Tsohon ya matso yana waige-waige, har yanzu da fara'arsa. "To ina yake ne? Ko ya wuce wanka? Ki ce masa ya dawo mini da fitilata."

Ratiba ta juyo ta dube shi.

"Ya rasu, Amm Basyuni. Gadalla ya rasu."

Ta fito ta zauna daɓas a tsakiyar hanyar katakon, daidai inda aka ɗaura zaren da babban baƙo zai yanka, ta kurma ihun da ta riƙe tun tana da ƙuruciya. Matan mahaƙa suka taso ɗaya bayan ɗaya cikin baƙaƙen kayansu suka kewaye ta, kuka ya kaure, ba hanyar wucewa ko ga mai ƙafa balle mai keke. Manyan Kusair suka miƙe suna kallon juna. Wani Bature ya ɗaga waya, mai gadin nan ya sa hannu ya sauke masa ita.

Shadiya ta zo ta tsaya a kanta, ta rasa ko ta zauna ko ta tafi. Ratiba ba ta matsa mata wuri ba, ba ta kuma miƙa mata hannu ba. Ta ɗago jajayen idanu ta dube ta sama da ƙasa.

"Me kike tsaye kina kallona? Cire jan mayafin nan. Ubanki ya rasu."